Sallahun da Inna ta bai wa kwamfuta

Hutun da na yi a gida, a rugarmu da ke bayan Doguwa, shi ne na farko da na koma da kwamfuta a jaka. A makaranta ina koyon haɗa na'urori su riƙa magana da juna, kuma malaminmu ya ba mu aikin hutu: kowa ya saka wata manhaja da ake gwada irin wannan haɗi a cikinta, ba sai an sayi na'ura ko waya ba. Manhajar a dunƙule take cikin fayil guda, kwafin faifai sukutum, wanda na kwaso a filashi wajen wani abokina a Tudun Wada, don sabis ɗin rugarmu ko gaisuwa ba ya kaiwa sai an hau dutse.

Na shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa da hantsi na fara. Na buɗe fayil ɗin, kwamfuta ta ɗauke shi kamar an zura mata faifai na gaske. Daga nan ta fara iyayi. Ta ce sai na ƙirƙiri wata ƙaramar kwamfuta a cikinta, na ƙirƙira. Ta ce ƙwaƙwalwar da na yanka wa ƙaramar ta yi kaɗan, na ƙara. Sai ta ce akwai wani saiti da ke kulle tun daga masana'anta, na kashe ta, na kunna, na lalubo shi na buɗe. Ana cikin haka batir ya mutu, na kai ta ɗakin Baffa inda sola take. Inna, mahaifiyata, tana gyaran ƙwarya a gefe, ta ce ita ba ta taɓa ganin abin da ake lallashi haka ba sai saniya mai sabon ɗa.

Da manhajar ta tashi, na jera na'urorin gwaji a allo. Dole kowace a sa mata suna, ni kuwa ba na son sunayen littafi, sai na sa musu garuruwan da na sani: Doguwa, Tudun Wada, Kiru, Bebeji. Na ja layi tsakaninsu, na bai wa kowace lambarta, na tura saƙon gwaji daga Doguwa. Ya je Bebeji ya dawo. Na yi ihun da ya sa kaji watsewa.

Inna ta matso ta leƙa. "Kai kuma lafiya?"

"Inna, saƙo ne ya tashi daga nan, ya bi ta nan da nan, ya isa Bebeji."

"Bebeji dai da na sani?"

"Sunan ne kawai. Gwaji ne, ba ya zuwa ko'ina."

Ta ce to. Amma Inna idan ta ce to da wannan murya, ta riga ta ɗauki abin da take so ta bar maka sauran.

A Bebeji yayata take aure, kuma a lokacin cikinta na fari ya tsufa. Ita ce 'yar farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "ta Bebeji". Ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, ba ta karɓar waya idan ita ce a layi. A wurinmu kuwa ba a tafiya hannu sake, duk wanda ya kama hanya sai an ɗora masa sallahu. Inna takan aika wa kowa gaisuwa har da kishiyoyin maƙwabta, amma ban da 'yarta. Ni har tsokanarta nake, in ce ko a kasuwa aka tsinto Yaya, ta jefe ni da mara.

Bayan la'asar na bar kwamfutar a buɗe na tafi alwala. Da na dawo ta bayan bukka, sai na hango Inna durƙushe a gaban allo, ta waiga hagu da dama. Na tsaya cik. Ta kai bakinta kusa, ta yi ƙasa da murya, ta kama sunan Yaya. Sunanta na yanka, wanda ban san bakin Inna ya iya shi ba.

"Ki zo gida ki haihu," in ji ta. "Na share ɗaki, na tara itace. Ba na iya barci saboda ke. Kada ki tsaya jiran wani ya ce ki zo, ni na ce."

Ta goge allon da bakin zanenta, ta koma kan ƙwaryarta kamar ba ita ba.

Dariya ta zo mini, amma ban yi ba. Tausayinta ya kama ni sosai. Ta samu ɗan aike marar ido da ba za ta ji kunyarsa ba, ga shi kuma ɗan aiken ko gindin ɗorawa ba zai bari ba. Na san za ta zauna jiran amsa, in ba ta zo ba ta ɗauka Yaya ta ji ta yi shiru.

Washegari na ce zan je Tudun Wada neman wani fayil. Na hau acaɓa, na shiga mota, na bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya yadda na jera su a allo, sai dai ni da ƙura da ciwon baya. A Bebeji na samu Yaya tana tsintar shinkafa, na faɗa mata maganar kalma da kalma.

"Inna ce ta faɗi haka? Da sunana?"

"Da sunanki, Yaya."

Ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ranar da mijinta ya kawo ta, Inna ta amsa gaisuwarta tana kallon wani wuri, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, ta tashi wai za ta duba wuta. Da ta zo wucewa ta gabana, sai ta sunkuya ta shafa murfin kwamfutar.

"Wannan abin naka," in ji ta, "ka riƙa ba shi caji da kyau."