Kawu da Kan Sarkin Poland

Jiya ina share ɗakin Kawu a Yelwa na tsinci tarin kan sarkinsa. Ma'aikacin gidan waya ne, kuma wani likita ɗan Poland ya taɓa ba shi tsofaffin ambulan. Yakan jiƙa su a kwano, ya ɓare kan sarkin, ya shanya a faifai.

Wata rana ya ce mini, "Shafa ki ji. Wanga mai santsi alli aka shafa wa takardarsa. Wancan mai kaushi na bayan yaƙin duniya ne. Takardar kirki ta ƙare wa mutanen Poland, amma ba su daina gaida 'yan'uwa ba."

Shi ma ko damina ta yanke hanya, a kwalekwale yake kai wa mutanen Wara wasiƙunsu. Allah ya haskaka kabarinsa.