Waldar Da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Inna

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka zan bar shi. Abin da ya kamata ku sani shi ne ni ɗan Lakwaya ne, kuma kafin in lalace sana'ata gyaran jikin mota ce a wani gareji a Gwarzo. Hannuna yana da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya sani. A kawo min motar da aka murƙushe wa ƙofa, in buga, in yi walda, in shafe, in fesa fenti, mai ita ya zo yana zagayawa yana neman inda aka taɓa. Abin da nake samu ba yawa, amma yana isata in ci in kai wa Inna cefane. Inna ita ce mahaifiyata. Bayan rasuwar Baba ta koma garinsu Masanawa, ta zauna a gidan ƙaninta Kawu Buba, mutum mai shanu da gonaki, wanda ɗansa Iro yake auren ƙanwata.

Ana nan sai wata magana ta cika rediyo da teburin mai shayi, wai an sassauta ƙa'idar shigo da mota. Wai yanzu ba sai ka bi ta hannun manyan dillalai ba, kai da kanka za ka yi odar motarka daga ƙasar waje, sabuwa ce ko tsohuwa irin ta da wadda masu hali suke sha'awa. Ni ban taɓa ganin dokar da idona ba, ban san inda ta fara da inda ta tsaya ba. Mutanenmu ma ba su sani ba. Abin da suka riƙe kawai shi ne kowa na iya kawo tasa. Wanda ya sayar da masara yana son ta waje, wanda ya sayar da bijimai yana son ta waje, amma babu wanda ya san ƙofar da ake bi. A nan ne irin su Bala suka sami abin yi.

Bala dillalin mota ne daga Kano, mai fara'a da turare. Ranar da ya fara zuwa garejinmu, wani alli mai ruwan ɗorawa ya miƙo min, ya nuna min hoton wata mota a wayarsa.

"Ka ga wannan rubutun na gilashin gaba? Haka ake yi musu a wurin gwanjo can ƙasar waje. Yi min irinsa a kan waccan."

Na ce, "Ai waccan tun ina yaro take yawo a Kano."

Ya yi dariya ya ce, "Kai rubutu aka ce ka yi, ba rantsuwa ba."

Na yi. Ku da ba ku san mutanenmu ba sai ku ga abin dariya ne, amma a wurinmu wannan rubutun ya fi kowace takarda. Mutum zai sayi mota ya hana a wanke gilashin wata da watanni, don duk wanda ya wuce ya san daga jirgin ruwa ta sauko. Daga rubutu na koma manna wasu 'yan takardun turanci a jikin ƙofa. Daga nan na koma Kano gaba ɗaya, garejin Bala na bayan gari. Kowane mataki sai in ce wa kaina ai ban kashe kowa ba.

Wata rana Bala ya kawo motoci biyu iri ɗaya, doguwar motar Jamus ta zamanin da, mai ƙarfe mai sheƙi a goshi. Ɗaya an buge ta ta baya ta naɗe, ɗayar kuma gabanta ne ya tafi. Ya ce akwai wani alhajin ƙauye da ya ba shi oda tun bara, yana jiran jirgi. In yanke kowace biyu, in haɗa gaba mai kyau da baya mai kyau.

Na san abin da hakan yake nufi. Mota tana da ƙarfe a ƙasanta wanda ya tafi daga gaba har baya, shi ne ƙashin bayanta. In ka yanke shi, duk iya waldarka ba zai koma yadda aka ƙera shi ba. Na faɗa wa Bala haka. Ya ce alhajin ba hawa zai yi ba, ajiyewa zai yi a ƙofar gida ana kallo. Na yarda da wannan magana domin ina son in yarda. Na yanke su daidai bayan kujerun gaba, inda masu zama a baya suke ajiye ƙafa. Na haɗa, na shafe, na shimfiɗa kafet a kai, na fesa mata fenti ruwan toka. Da hannuna na yi mata rubutun gilashi. Ta yi kyau har na ɗauke ta hoto.

Bayan sallah na je Masanawa gaishe da Inna. Tun daga nesa na hango mutane sun taru a gindin darbejiyar ƙofar gidan Kawu. Da na matso sai na ga ruwan toka, na ga rubutun hannuna a gilashi. Motar da na haɗa ce.

Kawu Buba ya fito yana murna kamar yaro. Muka gaisa, ya tambayi aiki da mutanen Kano, ni ma na tambayi shanu da gona, amma ban san abin da bakina yake faɗa ba. Ya kama hannuna ya ce, "Irinta mai gidan da babanmu ya yi wa kiwo yake hawa. Tun ina bin shanu na ce in Allah ya yarda sai na mallake ta. To ga ta, daga Jamus. Kai ne masaninmu, duba mana ita."

Kowa yana jirana. Na buɗe gaba na leƙa inji, na buga taya da ƙafa, na zagaya. Ban taɓa kafet ɗin ba. Na san in na faɗi gaskiya, a ranar zan kwana a hannun 'yan sanda, kuma Inna ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan ƙaninta ba. Na ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Allah ya tsare." Aka shafa fatiha.

Daga ranar tsoro ya zauna min a ciki, kuma bai tashi ba. Domin Kawu bai ajiye motar ba. Iro ne direba, ranar kasuwa a cika bayanta da buhunan dusa, wani lokaci har da rago. Kuma Inna tana da hawan jini, duk wata ana kai ta asibiti Gwarzo. A da kan babur ake kai ta, yanzu Kawu ya ce yayarsa ta gama hawan babur. Duk lokacin da na ji an ce an yi haɗari a hanyar Gwarzo sai in fita bayan gareji in kira ƙanwata in ce gaisuwa ce kawai. Abinci ya daina shiga. Wayata in ta yi ƙara sai in tsaya ina kallonta kafin in ɗauka.

Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce wa Kawu tsohuwar mota ba ta son lodi, ya ce ai ƙarfen Jamus ne. Na ce wa Iro ya rage gudu, ya ce ni da ko keke ba ni da shi. Daga ƙarshe na yi wani lissafi irin na matsoraci. Na ce in ma abin ya faru, gaban motar ne mai inji da nauyi, wanda yake gaba zai fi tsira. Sai na sami Inna a ɗakinta.

"Inna, in za a kai ki asibiti ki riƙa zama a gaba. Baya yana da jijjiga, ba ya yi wa mai ciwo kyau."

Ta kalle ni kamar na yi saɓo. "Ni in zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata? Kai ko kunya babu a Kanon taku? Shigar da nake yi ma dole ce, fuskata a taga take har mu je mu dawo."

Na sake yi mata maganar a wani zuwan, na sake. Har ta fara tsokanata, in na shigo sai ta ce, "Ga sarkin gaba ya zo." Tana dariya, ni kuwa ina kallon ƙafafunta.

Cikin damina abin ya faru, da hantsi, tsakanin Kabo da Gwarzo. Saniya ta fito titi, Iro ya kauce, motar ta bugi kwalbati da gefe. Waɗanda suka gani sun ce bugun bai kai ya kashe kowa ba. Amma motar ta rabe biyu kamar an yanka burodi. Gaban ya tsaya a bakin titi da Kawu da Iro, ƙujewa kawai suka yi. Bayan ya faɗa rami da Inna. Ta rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta sake jin komai ba.

Ba a sha wahalar gano mu ba. Waldar tana nan a fili, kowane bakanike ya gan ta ya san aikin hannu ne. Kawu ya kai sunan Bala wurin 'yan sanda, Bala kuwa tun kafin a zaunar da shi ya ambaci nawa. A kotu alƙali ya tambaye ni ko na san motar, na ce na sani. Ya tambaya ko na san wadda ta ji rauni, na ce ita ta haife ni. Na ji wata mata a baya ta yi salati. Kawu bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

Na yi shekaru a gidan yari. Cunkoso, ƙuma, wake da ƙwari, duk na gani, amma ba su ne suka fi cina ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar fita. Kowane fursuna yana addu'ar ta zo, ni ina addu'a Allah ya ba ni abin da zan faɗa. Wani malami da yake zuwa yi mana karatu ya ce min tuba tsakanina da Allah a buɗe take, amma haƙƙin mutum sai mai shi.

Da aka sake ni na wuce Masanawa kai tsaye. Kawu ya amsa sallamata daga zaure, ya nuna min hanya da hannu. Na sami Inna a kan tabarma, an jingina ta da bango, ta rame. Na durƙusa, duk abin da na shirya ya gudu. Ita ce ta fara magana.

"Haɗa motar da ka yi, na ce neman abinci ne ya rufe maka ido, ba ka san hannun wa za ta faɗa ba. Wannan tuni na yafe." Sannan ta ce, "Amma ina kwance a asibiti na tuna. Ashe shi ya sa kake ta cewa in koma gaba. Ka sani ke nan. Kullum ka zo ka ci tuwona, ka sani."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "To, shi ma na yafe. Amma ka bar ni in riƙa tunawa."

Yanzu ƙofofi da tagogi nake yi wa walda a Kabo, ban ƙara taɓa mota ba. Ranar asibiti ni nake goya Inna daga ɗaki zuwa titi, kuma ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ku matasa, musamman masu sana'ar hannu, duk lokacin da aka buɗe wata ƙofa mutane suka ruɗe da ɗoki, za a sami mai turare da zai zo ya ce muku rubutu ne kawai. Kada ku karɓi allin. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun ana iya gyarawa, ko da za a ɗaure ku. Ni ɗaurin da na guda na sha shi duk da haka. Da na ɗaga kafet ɗin nan a gindin darbejiya, da yau Inna da ƙafarta za ta fito ta tarye ni.