Allon gonar Baba Iro

Ina cikin rubuta allon da maƙwabcinmu Baba Iro ya kawo, sai ya riƙe min hannu.

Sana'ata ke nan a Minjibir, rubuta alluna da fenti. An san ni da haruffan nan masu ɗan kishingiɗa da siririyar jela, irin na katin biki. Da su na fara rubuta masa "Gonar sayarwa ce".

Ya ce, "Goge, ɗana. Yi min mummuna."

Na ce, "Baba, ai mai kyau shi ke jan ido."

"Abin da nake tsoro ke nan. Gonar ubana ce. Rumbu ya ƙare, taki ya gagara, dole in kafa allon. Amma in bai yi kyau ba, wataƙila masu mota su wuce ba su karanta ba."

Na goge, na yi masa kamar rubutun ɗan firamare.

Duk da haka aka sayi gonar. Jiya mai sayen ya zo, wai zai yanka ta fulotai, yana son allon tallarsu da kyawawan haruffan nan.

Na karɓi aikin, jama'a, ni ma gidana babu hatsi. Ku faɗa min, da wane ido zan kalli Baba Iro?