Rasberin bayan tsohon gidanmu

Mahaifina ya daɗe yana aikin lambu a wata gona kusa da Vom, daga can ya zo da rasberi ya dasa a bayan gidanmu. Kara ne siriri mai ƙananan ƙayoyi, yana yin 'ya'ya jajaye idan damina ta kusa ɗaukewa. In ya gama 'ya'ya sai a datse shi har ƙasa, baɗi ya fito sabo. Bayan rasuwar Baba, yayana ne ya ci gaba da kula da shi.

Shekarar da garin Jos ya rikice muka bar unguwar daga mu sai kayan jikinmu, muka koma unguwar Ali Kazaure wajen kawuna. Ran da rikicin ya ɓarke yayana ya fita shagonsa na ɗinki da safe, bai dawo ba. Mun zaga asibitoci, mun duba inda ake ajiye gawarwaki. Ba mu same shi da rai ba, ba mu kuma samu abin da za mu binne ba.

Shekaru suka shuɗe ba wanda ya taka gidan, har Inna ta yarda aka sayar. Sai tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda ke riƙe da makulli, ta aiko cewa sabon mai gidan zai malala siminti a bayan, in muna son shukar mu zo mu cire.

Ni da Inna muka je da hantsi, da fartanya da buhu. Maƙwabciyar ta rungume Inna, suka daɗe ba su saki juna ba.

Na zaci zan tarar da jeji. Sai na ga layi biyu tsaf, ba ciyawa, an datse tsofaffin karan daidai da ƙasa.

Inna ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Allah ya saka."

Maƙwabciyar ta ce, "Ba ni ba ne, Maman yara. Ƙafa na ba ya bari na sunkuya. Kowane shekara ina gani an yanka. Na ɗauka ku ne kuna aiko mutum ta katanga."

Inna ta durƙusa ta shafa bakin wani kara da ɗan yatsa. A karkace aka yanke shi, daga hagu. Yayana bahago ne. Ta ɗago ta dube ni, na kawar da kai. Bahagwai suna da yawa a Jos, haka na yi ta faɗa wa kaina.

Na tona gindi bakwai da saiwarsu da ƙasarsu, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Da na ɗaga fartanya kan layi na biyu, Inna ta riƙe hannuna.

"Bar wannan."

"Inna, siminti za a zuba."

"Na ji. Bar shi dai, kada a zo a tarar ba komai."

Muka dasa bakwai ɗin a gindin katangar kawu, kamu ɗaya tsakaninsu, da takin shanu. Huɗu suka kama. An zuba simintin bayan mako biyu, maƙwabciyar ta aiko mana da labari.

Inna ta rasu bara. Kafin nan ta sa an rage tsawon katangar ta wajen shukar, ta kuma hana ni datse karan da wuri. Har yanzu nakan jinkirta sati biyu ko uku, ina leƙawa da safe, kafin in ɗauko wuƙa.