Sarkin Kwaɓi Ya Daina Cin Burodi

"Ni dai nama da ƙwai, sai ganye. Ko ayaba ba na taɓawa."

"Shi ya sa bakinki ke wannan warin."

"Warin rama ne, 'yar'uwa. Dubi wuyana."

"Ni cewa aka yi in ci shinkafa daidai dunƙulen hannuna."

"Wannan hannun naki? Ai kin more."

Yana zaune a bencin asibiti, ƙafar dama a miƙe cikin bandeji, yana jin matan kamar rediyon maƙwabta.

A gidan burodi Sarkin Kwaɓi ake ce masa. Tun gemu bai fito ba ya shiga yana goge gwangwanaye, har ya zama shi ke auna fulawa da gishiri da yis, da ido da tafin hannu. Duk gashin da aka fitar sai ya ɗauki guda da zafinsa, ya tsaga, ya cinye tas. A cewarsa ɓawo kan yi ƙarya, sai ka kai tsakiya. Gashi kuwa ba ɗaya ba ne a yini. A haka ya aurar da 'ya'ya, ya binne matarsa, tumbi ya fara riga shi shiga ɗaki, sikari ya zauna a jini. Ran nan ya taka tire mai zafi, bai sani ba sai da mai tanderu ya ji ƙauri. Ciwon ya ƙi warkewa.

Likita ya ce, "Baba, in sikarin nan bai sauka ba, ƙafar za mu cire."

Ya ce to. Ya jira tsoro ya zo, bai zo ba.

A gida kowa ya zama likita. Autarsa, wadda ke riƙe da tukunya, ta ce a yanke komai: ba shinkafa, ba taliya, ba dankali, ba burodi. Nama, ƙwai, kifi, ganye da mai. Shi ke saurin sauke jiki.

Ƙanwarsa ta taɓe baki. "Ke yarinya, kashe min Yaya za ki yi? Na yi irin wannan, na rame kamar tsinke, da na gaji na dawo har da riba. A rage dai. Ɗan wake, ɗan kifi, yankan burodi guda da safe. Tafiyar hawainiya ce, amma ana isa."

Direban motar burodi ma ya kawo tasa: a ƙuntata da farko, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har a gane inda jiki ke tsayawa.

Da aka kai wa likita shawarwarin, ya ce kowanne na iya yi in an riƙe shi, a dai riƙa zuwa yana daidaita magani.

"Baba, wanne ka zaɓa?" in ji Auta.

"Wanda kika zuba."

Ta zuba nata. Kwanakin farko kansa ya yi ciwo, cikinsa ya ɗaure. Daga baya wando ya soma zamewa. Yana tauna ƙwai kamar mai tauna soso. Awon sikari ya sauka, bakin ciwon ya fara haɗewa, Auta har da rawa a tsakar ɗaki. Shi kuwa ya dubi ƙafar kamar ta aro.

A wurin aiki burodi na fitowa yana wucewa ta gabansa, hannunsa a baya. Sai wata safiya masu shaguna suka fara dawo da kaya. Gashin gaba ɗaya babu gishiri. Burodin ya tashi, ya yi ja, ya yi kyau, amma lami. A da, da gutsure ɗaya zai kama shi tun bai bar ƙofa ba.

Mai gidan burodin bai ɗaga murya ba. "Sarki, kai ne harshen gidan nan. Ka san yadda za ka yi."

Ya zauna kan buhun fulawa yana juya abin. Tsarin Auta ya hana ko gutsure. Na ƙanwarsa ya ba shi yanka guda, ga gashi har la'asar. Na direba sai nan gaba. Ya kuma san kansa: bai taɓa tsayawa a loma ɗaya ba.

Gashi na gaba ya fito. Ya ɗauki guda ya tsaga, tururi ya bugi fuskarsa. Ya tsaya a haka har zafin ya ratsa yatsunsa.

Mai tanderu na gefe yana share gumi, mutumin da Sarki ya yi shekara da shekaru yana yi wa gorin cewa taba ta ƙone masa harshe, ko takalmi aka soya masa zai ce ya yi daɗi.

"Kai, tsohon banza."

"Na'am, ranka ya daɗe, sarkin da ba ya cin garinsa."

Sarki ya miƙa masa burodin.

"Ungo. Ka bar ɓawon, ka ci tsakiyar. Tauna a hankali, don Allah, ka gaya min abin da ka ji."