Ƙanƙara Biyu a Addu'ar Inna

Shekara goma sha ɗaya Inna tana yi wa Baba addu'a da giɓi a tsakiya, ni kuwa ina zaune a gefenta ban taɓa lura ba. Duk ranar Alhamis nakan ɗauko ta daga gidanmu na unguwar Bani Harisa, in tura ta a keke har cikin Harami, mu yi la'asar, mu tsaya a yi sallar mamata, sannan ta ɗaga hannu ta yi wa mijinta tasa daban. Da Hausa take yi, yadda malamin garinsu ya biya musu tun ba ta zo Madina ba. Wata rana da kunnenta ya fara nauyi, muryarta ta ɗan ɗaga, sai na ji ta ce, "Allah Ka wanke shi da ruwa," ta yi shiru kamar mai haɗiyar yawu, ta tsallaka zuwa, "Ka ba shi gidan da ya fi gidansa."

A mota na ce, "Inna, kin yi tsallake. Ai da ruwa ne, da ƙanƙara."

"Da ƙanƙara, da ƙanƙara," in ji ta. "Har biyu. Na sani sarai. Ba mantuwa na yi ba."

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana 'yar shekara tara aka yi ruwan ƙanƙara a ƙauyensu, wajen Damagaram. Gero ya kai ƙugu, ta kwantar da shi. Ta kashe musu 'yan awaki uku, ta fasa wa yayanta goshi. Yunwar da ta biyo baya ce ta taso su, suka biyo hanyar gabas har Allah Ya kawo su nan. "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar bulo a Jurf, rana na dukansa," ta ce, "in buɗe bakina in ce a jefe shi da ƙanƙara, sau biyu ma? Na san maganar Ma'aiki ce, ba na musu. Bakina ne ya kasa. Kuma kullum ina jin na rage shi."

Ni malamar Larabci ce, shekara ashirin da ɗoriya ina koya wa 'yan mata nahawu a Aziziya, kuma ina da saurin baki, ban ɓoye ba. Nan take na hau bayani. Na ce a Larabci kalma biyu ce: barad ita ce mai jifa, wadda ta sani, talji kuwa wata aba ce daban, a rediyo ma ana ce mata dusar ƙanƙara.

"Dusa?" Ta juyo ta dube ni da idanunta masu hazo. "Abincin awaki? Da dusa za a wanke uban naki?"

Da muka isa gida na buɗe firiza na kankaro farin da ke manne a bango, na zuba mata a tafi. Ta murza, ta ce wannan ai ƙanƙara ce aka niƙa, kada in raina mata hankali. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin taljin da idona. Na ce a talabijin. Ta ce, "To ke ma jita-jita kike ci." Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa.

Mai ganin talji da ido a gidanmu mutum ɗaya ce, 'yata ta fari, wadda ke karatun haɗa magunguna a Turai. A can ta koyi zamiya a kan allo, ta riƙa turo mana hotuna tana tsaye a kan wani farin dutse, fuska rufe da tabarau kamar mai walda. Hausa tana jinta tsaf, amma ko kusa ba ta mayarwa. Inna ta yi mata magana da Hausa, ta amsa da Larabci, Inna ta ce, "Balarabiyata ta yi huɗuba," a yi dariya a wuce. Da hutun sanyi ya zo ta matsa sai na je mun yi kwana biyar a dutsen da take zuwa. Na ce ni da gwiwata? Inna ce ta yanke maganar. Ta ce, "Tafi. Ki taɓa da hannunki, ki zo ki faɗa mini da bakin da nake ji. In mai jifa ce, kada ki yi mini ƙarya."

Wurin ba dutse ɗaya ba ne, gari ne guda aka shimfiɗa a kan duwatsu. Ni da na tashi ina ganin Uhudu shi ne ƙarshen tsawo, na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Akwatuna masu tagogi suna ta hawa a jikin igiya, cike da mutane, wasu na saukowa fanko. An ba mu taswira mai zane-zane kamar jijiyoyi: kore na 'yan koyo, shuɗi na waɗanda suka ɗan iya, ja na gwanaye, baƙi kuwa na waɗanda suka gaji da duniya. A shagon haya aka auna ƙafata aka ɗaure ta cikin wani takalmi mai nauyin turmi, wanda ba ya barin idon sawu ya motsa. Aka miƙo mini dogayen katako biyu da sanduna biyu. 'Yata ta ɗauki allonta ɗaya a hammata tana tafe kamar a tsakar gidansu, ni ina biye ina takawa kamar an sa mini mari.

Abin da ban sani ba shi ne, an kwana biyu sama ba ta zubo komai ba. A bakin hanyoyin akwai wasu injuna masu faɗin baki suna fesa ruwa yana daskarewa, shi ake bajewa mutane su bi. Da rana ya ɗan narke, kafin safiya ya sake ƙullewa. Da na cire safar hannu na taɓa, tsakuwa-tsakuwa na ji, sak abin da na kankaro wa Inna a firiza.

Mai koyarwarmu wata doguwar mata ce da rana ta ƙona wa hanci. Ta ce mu haɗa kan katakon biyu a gaba, mu buɗe bayansu, mu karkata jiki gaba. Duk wanda ya ji tsoro baya yake ja, wanda ya ja baya kuwa katakon ya gudu ya bar shi. Na gane maganar sarai, a kai. Jikina ne ya ƙi. Da na ga gangare sai in miƙe in ja baya, sai ji kake tim! Na faɗi ta dama, na faɗi ta hagu, na faɗi a zaune. Sau ɗaya na tafi da wata katangar raga gaba ɗaya. Inda muke koyo duk na kwarzane shi, ga ramin gwiwa, ga ramin gwiwar hannu, ga inda sandata ta yi ta tona. Kafin kwana uku cinyata ta yi shuɗi ta koma baƙa. A masauki ina sallar azahar a zaune, ina jin haushin kaina, mace mai shekara hamsin da biyu ta bar garin Ma'aiki ta zo tana birgima a gaban Turawa.

'Yata kuwa, in na ɗaga kai, sai in hango ta can sama a kan jan layi, 'yar ɗigo cikin koren rigarta, tana lanƙwasa dama da hagu, allon na yanka ƙasa yana tayar da fari. Ban taɓa ganinta haka ba. A gida yarinya ce mai noƙe-noƙe, in baƙi sun zo ta gaishe su ta gudu ɗaki, don kada a ce ta yi Hausa a yi mata dariya. A nan ita ce mai gari. Na ji daɗi, na kuma ji zafi, don na ga akwai inda ta fi sakewa, kuma ba wajenmu ba ne.

Ran kwana na huɗu na mayar da katakon, na ce na tuba. Na zauna a wani shagon shayi a gindin dutse ina shirya abin da zan faɗa wa Inna. Ta ce kada in yi mata ƙarya. To gaskiyar da na taɓa da hannuna, na ɗanɗana da cinyata, ita ce abar tana da tauri kuma tana duka. Ke nan zan koma in ce mata ta yi daidai, ta ci gaba da tsallakenta har ta bi shi. Na faɗa wa 'yata haka, cikin faɗa ma, kamar ita ta daskarar da dutsen. Ta saurare ni, ta leƙa sama ta taga, ta ce da Larabci, "Mama, wannan ba shi ba ne. Na inji ne. Ki jira gobe."

Da safe na buɗe labule na rasa garin. Motocin da ke ƙofar masauki sun zama tuddai. Kuma abin bai daina ba, yana ta saukowa a hankali, ba ƙara, ba gaggawa. Ni da na san ruwan ƙanƙarar Madina, wanda in ya sauko sai ka ji kamar ana jifan motoci da tsakuwa, na tsaya ina jiran ƙarar, ba ta zo ba.

'Yata ta ja ni muka shiga akwatin igiya, ba katako, ba komai, daga ni sai takalmin kaina. Muka bi ta saman filin 'yan koyo. Na leƙa ina neman ɓarnar da na yi kwana uku ina yi, ramukan nan da kwarzanen nan. Babu ko ɗaya. Lumui, kamar ba a taɓa faɗuwa a wurin ba. A tasha ta biyu muka sauka, ta kai ni gefe inda ba a taka ba, ta ce in juya baya in faɗi. Na ce Allah Ya kiyaye, faɗuwar da na yi ta ishe ni har jikoki. Sai ta tura ni, 'yar banza! Na tafi da baya ina salati, ina jiran dukan. Ba duka. Abin ya karɓe ni ya lotsa, ya taso ta gefe ya rufe mini kunnuwa, duniya ta yi tsit. Ina kwance yana sauka a fuskata, yana narkewa tun ban gama jin sanyinsa ba. Na yi kuka a wurin, ba na jin kunyar faɗa.

A nan zaune na kira ƙanwata, wadda ke kula da Inna, na ce ta kai mata waya. Na juya kyamara ina cewa, "Inna, duba, duba!"

"Me zan duba? Fari nake gani, kuma ko bangon ɗakin nan fari nake ganinsa. Faɗa mini."

Ni malamar nahawu na buɗe baki na rasa kalma. Na ce yana da laushi. Ta ce auduga ma na da laushi. Na ce yana da sanyi. Ta ce ta sani. Numfashina na sama-sama, hawaye na daskarewa, na fara jin haushi kuma. Sai 'yata ta karɓe wayar ta fara zuba bayani da Larabci.

Inna ta katse ta. "Balarabiya, shekara sittin ina jin kalmar nan da Larabci ban gane ba. In kin sani, faɗa mini da Hausa. In ba ki iya ba, ba uwarki."

'Yata ta dube ni. Na ga kunyar nan ta gida ta taso mata har kunne. Ta cire tabarau.

"Kaka," ta ce. Ba ta taɓa kiranta haka ba, Sitti take cewa, irin na Larabawa. "Wannan... ba ya duka. Yana zo a hankali. Shiru."

"Ina jinki."

"Kwana uku Mama ya faɗi. Ya faɗi, ya faɗi, ya faɗi da yawa. Ya ɓata wuri duka." Na ji ƙanwata ta ƙyalƙyale a can, Inna ta ce mata ta rufe mana baki. "Yau mun zo, babu. Ba a gani inda ya faɗi. Wannan ya sauka, ya rufe."



"Ya rufe?" in ji Inna.

"Ya rufe duka, Kaka."

"Ba a ganin inda mutum ya faɗi."

"Ba a gani."

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe rufin asiri ne." Sai kuma muryarta ta dawo daidai: "Uwarki mace ce, ta faɗi ake cewa. Amma na gane. Ke kika faɗa mini, ba malamar ba."

Ban ji haushi ba, ko kaɗan. Na sha tunani a kan wannan daga baya. Ni na san kalmar, na san jam'inta da asalinta, na koya wa ɗaruruwan yara ita. Yarinyar da ke tsoron buɗe baki a gaban baƙi ta san abin, don ta faɗi a cikinsa ta tashi ba adadi, kuma da 'yan kalmominta ashirin masu karyayyar ƙafa ta kai saƙon da na kasa kaiwa.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan dawowata na tura Inna Harami, ina ɗingishi, cinyata ba ta gama warkewa ba. A hanya na ce mata, "To ita ɗayar fa, mai jifan? Tana nan a addu'ar."

"Na yi tunaninta," ta ce. "Ai mai rufewar aka fara ambata. In an riga an lulluɓe shi, ta zo ta yi aikinta. Wanda Ya haɗa su Ya fi ni sanin amfaninta."

Muka yi la'asar, aka yi sallar mamata, mata suka fara tashi. Inna ta ɗaga hannuwanta. Na sunkuyar da kai kamar ina tawa addu'ar, alhali kunnena na wajenta.

"Allah Ka wanke shi da ruwa," ta ce. Ta tsaya a inda ta saba tsayawa. Sai ta ja numfashi. "Da ƙanƙara mai rufewa. Da ɗayar ma."

Ta ƙarasa har ƙarshe ba ta tsallake komai ba, ta shafa. Sannan ta ce, ba da ni take ba, da Baba take, "Malam, ka yi haƙuri. Na daɗe ban cika maka ba."