Faifan da Danda Ya Karya

Duk wanda ya yi aure ko suna a Tasawa cikin shekaru ashirin da suka wuce, Danda ya san tsakar gidansu. Shi ne mai bidiyo. Ƙanen mahaifiyata ne, gajere, da ɗan gemu da yake shafawa duk lokacin da zai faɗi abin da bai kamata ba. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗinki ya fara koyo, sai wani alhaji ya dawo daga Makka da kamara ya ba shi, ya ce ya riƙa ɗaukar masa bukukuwan gida. Alhajin ya rasu, kamarar ta zauna a hannun Danda.

Aikinsa yana da kyau, wannan ba mai musu. Ya san inda zai tsaya don kada rana ta cinye fuskar amarya. Ya sha hawa amalanke zuwa Kona da Hawandawaki, kamara naɗe cikin zane saboda rairayi. Ya yi zamanin kaset, ya shiga na faifai, har buhu huɗu suka cika da faya-fayai a butikinsa, ɗan shagon da ke kusa da tasha.

Da na dawo daga Tunis bayan shekara shida ina karatun haɗa na'urori, komai na garin sabo ya zame mini, ina ta zaga ina tambaya. Butikin Danda ne ya fi jana. Ya yi mini kukan cewa faya-fayan suna karcewa, kuma in wani ya zo neman bikin uwarsa sai an zazzage buhu. Ya nuna mini wata lektar, wato na'urar kunna faifai, ƴar gwanjo da ya samo a Maraɗi. A bayanta akwai wata kafa da bai san amfaninta ba. Ni na sani: ta wayar rezo ce, wadda ake haɗa na'ura da na'ura da ita.

Ina da wani baƙin akwatin ajiya da na zo da shi, bai fi bulo girma ba. Sati bakwai na yi ina juye bukukuwan mutane a cikinsa, kowanne da suna da gari da shekara. Sannan na ja waya daga akwatin zuwa lektar, daga lektar zuwa tele. Ranar da hoto ya fito, Danda ya buɗe bakin lektar har sau uku yana leƙawa. Ba faifai a ciki.

"Injiniya," ya ce, "ashe tsafi aka tura ka koyo."

Buhu na huɗu shi ya juye da kansa, bayan na koya masa. Ban tambaye shi abin da ke ciki ba.

Wata la'asar na biyo na tarar da ƴan fadarsa sun cika benci, shayi yana kan wuta. Ɗan Baba mai faci, wanda ya fi kowa ƙarar dariya, yana ta dukan cinya. A tele na ga wani jerin da ban rubuta ba. Danda ya sa masa suna Maciya.

Mutane ne suna cin abinci a bukukuwa. Ga wani ɗan kasuwa yana cusa tsoka cikin aljihun babbar riga, mai yana naso. Ga wata tsohuwa tana juye shinkafa a leda tana turawa ƙarƙashin zane. Ga bakuna, an jawo su kusa har kana ganin miya a gefen leɓe. Shekara ashirin, a gidajen da suka amince masa suka buɗe masa ƙofa, Danda yana kammala ɗaukar amarya sai ya juya kamara wajen kwanuka. Ba ya sa wannan a faifan masu biki. Ajiyewa yake yi. Da can nauyin tonon buhu ne ya kare mutane daga gare shi. Ni na cire wannan nauyin.

"Sa mana na Bafulatanin nan," in ji Ɗan Baba.

Danda ya danna. Bikin suna ne a Kona, shekarar yunwa ta 2005. Kamara ta bar taro ta leƙa bayan danga, inda mata suka jera tukwane kafin wanki. Wani dogon mutum ya tsuguna, yana kankare ƙanzo da sakaina. Ya jefa loma ɗaya a baki da sauri, ya dubi dama da hagu. Sai ya cire hularsa, ya zuba sauran a ciki, ya maida ita kansa, ya miƙe ya koma cikin mutane yana gaisawa.

Na gane shi. Namadi ne, makiyayi daga wajen Kona, wanda yake kawo dabbobi duk ranar kasuwa. Shekara talatin ba wanda ya taɓa ganin ya kai ko gyaɗa baki a bainar jama'a. Ko ruwa zai sha sai ya juya baya. A waccan shekarar ta yunwa shanunsa suka ƙare, yana da ƴaƴa biyar a ruga. Kowa a kan bencin ya san wa aka kai wa ƙanzon, amma suka sa aka maimaita wurin hular sau uku.

"Kawu, wannan ba daidai ba ne," na ce.

Ya shafa gemu. "Kakata Babarbariya ce. Taubashina ne, wasa ne tsakaninmu."

"Wasan taubasai a gaban ido ake yi, ya rama."

"To, ɗan Tunis ya zo koya mana al'ada. Ku ba shi shayi."

Abin da ya fi muni, surukin Namadi, wani direba mai suna Isiyaku da ke auren ƴarsa, a tashar nan yake lodi, taku kaɗan daga butikin. A wajen su Namadi, suruki ya ga kana tauna ma abin kunya ne, balle wannan.

Magana ba ta daɗe ba ta kai Kona. Ranar kasuwa da hantsi Namadi ya yi sallama a ƙofar butiki, ya jingine sandarsa. Bai zauna ba.

"Malam Danda, an ce kana da hotona."

"Baffa Namadi! Shigo mana. Wane ɗan tsurku ne ya kai maka gulma?"

"Ban zo faɗa ba. Abin da na yi, na yi shi, Allah ya gani. Amma yaron nan Isiyaku yana nan kusa. In ya gani, da wane ido zan karɓi gaisuwarsa?"

Danda ya sauya fuska, ya zama mai tausayi. Ya shiga ciki, ya tono buhu, ya fito da wani faifai da aka rubuta Kona a kansa. Ya ɗaga shi sama don duk bencin su gani.

"Ga shi nan. Ku zama shaida." Ya lanƙwasa shi da hannu biyu har ya yi ƙara ya rabe gida uku. "Saboda girmanka, Baffa. Aikin shekara da shekaru, amma mutuncinka ya fi."

Namadi ya duƙa ya tsince ɓarayin ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan ƙaramin da ya faɗa ƙarƙashin benci, ya ƙulle su a bakin rawaninsa. Sai ya juyo gare ni.

"Kai mai karatu, ya mutu ke nan?"

Akwatin yana bayan Danda a kan kanta, ƴar fitilarsa tana ƙyaftawa. Danda yana kallona, jama'a suna kallona, kuma ƙanen uwata ne. Na ce, "Faifan dai ya mutu, Baffa."

Ya yi godiya. Ya yi wa Danda addu'a, ya yi wa iyayensa, ya ɗauki sandarsa.

Bai kai kwanar tasha ba Danda ya ɗauki telekomand, abin danna tele daga nesa. Bakin lektar a buɗe, ba komai a ciki, ga Namadi a tele yana kankare tukunya. Ɗan Baba ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni kuwa na fita na tofar da yawu a gindin bango.

Washegari da safe na zo kafin fada ta taru, na goge jerin Maciya gaba ɗaya. Danda yana tsaye yana goge haƙori da asuwaki, bai hana ni ba.

"Ka gama? To je ka goge na cikin wayar Ɗan Baba. Tun jiya ya ɗauka daga tele, ya tura wa ƴan tasha."

Kasuwa biyu Namadi ya zo yana tafiya a miƙe kamar yadda ya saba, yana ɗaga wa butikin hannu. Sau biyu na nufe shi zan gaya masa, sau biyu na tsaya a gaisuwa. A kasuwa ta uku, a wajen dabbobi, ana cikin cinikin wani bijimin Namadi, wani dillali ya cire hularsa, ya yi kamar yana zuba abu a ciki, ya maida ita kai yana waige-waige. Aka tuntsire. Isiyaku yana wurin, ya zo ɗaukar kaya. Bai yi dariya ba, ƙasa ya kalla, kuma daga yadda ya kalli ƙasan Namadi ya gane ya riga ya gani.

Namadi ya bar cinikin. Ya kwance bijiminsa ya kora shi ya koma.

Bayan kwana biyu Isiyaku ya zo butiki, ya ajiye wani ɗan ƙullin tsumma a kan tebur. "Baffa ya ce a maido maka kayanka." Danda ya kwance, ya ga ɓarayin faifai, ya ce mutanen daji ba su san wasa ba, ya ture su gefe don ya sami wurin ajiye kofi.

Danda yana nan. Wayoyi sun rage masa aiki, amma har yanzu ana kiransa manyan bukukuwa, kuma akwatina yana kan kantarsa, domin bikin yayata da na rabin garin suna ciki. Namadi kuwa tun ranar bai sake taka Tasawa ba. Kasuwar Mayahi yake kai dabbobinsa yanzu, tafiyar da ta ninka wadda ya saba, a ƙasa, da shekarunsa. Isiyaku ya ce ya sha yi masa tayin mota, ba ya shiga.